Sayen gida a unguwa mai shiru a Holan: me ake dubawa kafin a sa hannu?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganar sayen gida ta yawaita a zauren nan, kuma buƙatar kusan iri ɗaya ce: gidan iyali mai ɗakin kwana uku ko huɗu, da ɗan lambu a baya, a unguwar da yara za su fita da keke ba a fargabar mota. Don Allah waɗanda suka san harkar su warware mana ita, daga neman gida har karɓar makulli, musamman wuraren da mutane ke ƙonewa.

Malam Akawu:
Wa alaikumus salam. Kada a fara da buɗe Funda, shafin tallan gidaje, ana kallon hotuna, a fara da lissafi. Tun 2018 banki ba ya ba da bashin da ya wuce kashi 100 na darajar gidan, kuma darajar da mai ƙiyasi ya rubuta ake nufi, ba kuɗin da ka taya ba. Duk sauran ɗawainiyar ciniki daga aljihunka za ta fito. Haruffan k.k. da kuke gani a gaban farashi ma'anarsu ke nan, kuɗin ciniki na wuyan mai saye.

A ɗauki gidan Yuro 400,000. Harajin sauya mallaka kashi 2 ne ga wanda zai zauna a ciki da kansa, wato 8,000. Wanda ya kai shekara 18 bai cika 35 ba an yafe masa wannan harajin sau ɗaya a rayuwa, muddin gidan bai wuce iyakar da aka sa ba, wadda a 2025 take 525,000. Idan miji da mata suka saya tare, shi yana da 38 ita tana da 31, ita an yafe mata rabinta, shi zai biya kashi 2 na nasa rabin. Sai notaris, wato lauyan da ke rubuta takardar mallaka da ta bashi ya kuma shigar da su Kadaster, ofishin rajistar filaye. Sai mai ba da shawarar bashi, wanda yakan ci dubu biyu zuwa uku da ɗoriya, sai mai ƙiyasin daraja, sai mai duba lafiyar gini, sai dillalinka idan ka ɗauka. A dunƙule a tanadi kashi 4 zuwa 6 na farashin gida, ban da fenti da dabe da labule.

Kafin ka je wurin mai shawara ka share sunanka a BKR, ofishin da ke rajistar bashin mutane. Kowane bashi yana can: katin bashi ko da ba ka taɓa shi, izinin cire fiye da abin da ke asusu, motar haya ta dogon lokaci, har wayar da aka karɓa biya-sannu idan kuɗinta ya haura Yuro 250. Kowannensu yana rage abin da banki zai ba ka. Bashin karatu na DUO ba ya cikin BKR amma dole a faɗe shi, ɓoye shi zamba ce.

Maman Sadiq:
Malam Akawu ka manta da NHG. Lamuni ne na ƙasa: idan aka rasa aiki, ko aure ya mutu, ko aka yi rasuwa ko naƙasa, har ta kai an sayar da gidan da asara, asusun na iya yafe ragowar bashin bisa sharuɗɗa. Iyakarsa a 2025 Yuro 450,000 ce, ana biyan kashi 0.4 na bashin sau ɗaya, kuma banki yana rage wa mai shi kuɗin ruwa. Gidajen jere da yawa a garuruwan da ke wajen Amsterdam da Utrecht suna shawagi ne a kusa da wannan iyakar, don haka yana da kyau mutum ya san ta kafin ya yi tayi.

Malam Akawu:
Gaskiyarki Hajiya. A ƙara da takardar zama. Doka ba ta hana baƙo sayen gida ba, amma sayen gida ba ya ba kowa izinin zama, kuma banki yana duba irin katin da kake riƙe da shi. Mai izinin dindindin ba shi da matsala. Mai izinin da aka ba shi don wata manufa ta wucin gadi, kamar karatu, zai sha wuya. Mai kwantiragin aiki na shekara ɗaya ya nemi wurin aikinsa su rubuta masa takardar niyyar mayar da shi ma'aikacin dindindin, bankuna suna karɓarta.

Injiniya:
Ni bari in taɓa maganar shirun, don a nan ake yaudarar kai. Dillali yakan sa lokacin ganin gida da hantsi ranar aiki, yara suna makaranta, manya suna ofis, ko'ina tsit. Wannan ba shaida ba ce. A koma da ƙafa wajen ƙarfe takwas na safe, da biyar da rabi na yamma, da daren Juma'a. A tsaya a bayan gidan, ba a gaba ba, don ɗakunan kwana galibi can suke kallo.

Sannan akwai taswirar ƙara ta gwamnati a shafin Atlas Leefomgeving, kyauta ce, tana nuna ƙarar babbar hanya da ta jirgin ƙasa da ta jirgin sama titi-titi. A yankin filin jirgin saman Schiphol wannan wajibi ne. Aalsmeer, Uithoorn, Amstelveen, Zwanenburg, duk akwai unguwanni masu kyau, amma alƙiblar iska ce ke yanke titin da jirage za su tashi ko su sauka a kai. Ranar da ka je kallo iska na iya kai su wani gefen, washegari su dawo ta saman rufinka. Haka sababbin unguwannin da aka gina daga tsakiyar shekarun 1990, waɗanda ake kira Vinex: Ypenburg tana tsakanin manyan hanyoyin A4 da A12 da A13, Vathorst a Amersfoort tana gefen A1 da A28. Cikin unguwar lafiya lau, amma layin da ke bakin hanya yana jin gunjin motoci dare da rana idan iska ta juyo.

Abu na uku, wannan filin ciyawar da ke gaban gida wanda ya sa ka so wurin, ka duba me aka tsara a kansa. Tun 1 ga Janairun 2024 duk tsare-tsaren ƙasa suna shafin gwamnati na Omgevingsloket. Ka sa adireshin, ka ga ko an ware filin don bene mai hawa shida ko makaranta.

Ummu Hanifa:
Injiniya, wane irin unguwa ya fi dacewa da mai ƙananan yara? Ana ta ambaton woonerf.

Injiniya:
Woonerf layi ne da aka yi shi don mai tafiya a ƙasa da yara masu wasa, mota baƙuwa ce a cikinsa. Gudu ba ya wuce kilomita 15 a awa, kuma ba a ajiye mota sai a gurbin da aka yi wa alama. Sun fi yawa a unguwannin shekarun 1970 zuwa farkon 1980, masu lunguna a murɗe da layukan da ba su ɓullewa, irin na Almere Haven da Zoetermeer da Nieuwegein. Houten kuma gaba ɗaya an tsara ta ne mota ta zagaya ta waje, keke ya ratsa ta ciki. Ga yara babu kamarsu. Illarsu biyu: wurin ajiye mota ya yi kaɗan don an yi lissafin mota ɗaya ga kowane gida, sannan gidajen sun kai shekarun da komai ke neman canji lokaci guda.

Dan Zariya:
Akwai ƙarar da taswira ba ta nunawa, ta maƙwabci. Gidan da ke tsakiyar jere bango biyu yake rabawa da mutane. A gidajen da aka gina kafin shekarun 1970 bangon siriri ne, wani lokaci katakon daben bene ma ya ratsa daga wannan gida zuwa wancan, sai ka ji hawan matakalar maƙwabci kamar a ɗakinka. Kuma abin hannu biyu ne. Gidanmu na Hausawa ba ya rabo da baƙi, ga suna, ga buɗa-baki, ga yara. A unguwar da tsofaffi suka yi yawa, bayan ƙarfe goma na dare ana sa ran shiru, kuma Baholande ba ya ɓoye ƙorafi, zai ƙwanƙwasa ƙofa ya faɗa maka. Mai babban iyali ya fi samun sauƙi a gidan kusurwa ko irin mai gida biyu ƙarƙashin rufi ɗaya, bango ɗaya kawai ake rabawa. Ya fi tsada, ya kuma fi shan kuɗin ɗumama don gefe guda a buɗe yake ga iska.

A tambayi mai gida kai tsaye ko akwai rigima da maƙwabta. Doka ta ɗora masa faɗin aibin da ya sani, kuma akwai takardar tambayoyi da yake cikewa. A karanta ta layi-layi, a nan ake ganin yoyon rufi da rigimar shinge. Ita kuma dokar maƙwabtaka a sarari take: bishiya ba ta matsowa ƙasa da mita 2 daga iyaka, shingen ganye rabin mita, sai dai in ƙaramar hukuma ta sa wani ma'auni. Katangar baya tana kai mita 2 ba tare da neman izini ba, ta gaba mita 1. Masu son rufe farfajiyar gaba saboda sirrin iyali su san da wannan tun yanzu.

Injiniya:
Yanzu ga inda kuɗi ke nutsewa da gaske, ƙarƙashin gidan. Yammacin ƙasar nan laka ce da ruɓaɓɓiyar ƙasa mai tsotse ruwa. Gidaje da yawa da aka gina kafin 1970 a kan turakun katako suke tsaye. Muddin turken yana cikin ruwa galibi yakan yi ɗaruruwan shekaru. Da zarar ruwan ƙasa ya ja baya kan turken ya sha iska, sai naman gwari ya kama shi ya fara ruɓewa, gida ya soma zama. Zaanstad, Gouda, Schiedam, Dordrecht, Haarlem da sassan Rotterdam duk an san su da wannan. Gyaran fandisho dubban gomomin Yuro ne ga gida ɗaya, yana iya haura dubu ɗari, inshora ba ta biya, kuma a gidan jere ba ka isa ka gyara naka kai kaɗai ba sai duk layin sun yarda sun kawo kuɗi.

Alamominsa: tsaga mai hawa kamar matakala a bangon bulo, musamman daga kusurwar taga, ƙofar da aka fere ƙasanta don ta rufu, layin siminti tsakanin bulo da ya karkata idan ka hango shi daga ƙarshen layi. Ka ajiye ƙwallon yara a tsakar falo ka ga ko zai gangara. Sabon filasta a bango ɗaya tak na gidan da sauransa tsoho ne, a tambayi dalili.

Bayan ƙofar shiga, ƙarƙashin tabarmar goge ƙafa, akwai murfi. A ɗaga shi a haska tocila. Ramin da ke ƙarƙashin dabe ne. Ruwa kaɗan a lokacin sanyi ba abin tsoro ba ne a ƙasar nan. Abin tsoro shi ne ka ga ƙasan kankaren yana ɓarewa, rodi ya fito ya yi tsatsa. Daben kankare samfurin Kwaaitaal da Manta, da aka yi amfani da su daga 1965 zuwa farkon shekarun 1980, an zuba musu sinadarin saurin bushewa wanda ke cin rodi. Daidai shekarun unguwannin woonerf ɗin da muke yabo ke nan.

Sauran a taƙaice: gidan da ya girmi 1994 ana iya samun asbestos a rufin rumfa, ƙarƙashin tsohuwar ledar dabe ko jikin bututun hayaƙi, kada a fasa a kira masu lasisi. Wanda ya girmi 1960 a duba ko bututun ruwan sha na dalma ne, haɗari ne ga jarirai da masu ciki. Tukunyar ɗumama gida takan yi shekara 15, shekarar tana rubuce a jikinta. Shimfiɗaɗɗen rufin kwalta shekara 20 zuwa 25. Firam ɗin taga na katako a danna kusurwar ƙasa da makulli, in ya lotsa ya ruɓe. Mai duba gini zai yi duk wannan da Yuro ɗari huɗu zuwa biyar ya ba ka rahoto da ƙiyasin gyara, amma fandisho ba ya cikin aikinsa, wannan bincike ne daban.

Alhaji Na Rotterdam:
Injiniya ranka ya daɗe, duk abin da ka faɗa daidai ne a takarda. A kasuwa fa? Gida mai kyau a unguwa mai kyau mutum ashirin ne ke ganinsa, a ba su ranar rufe tayi, kowa ya rubuta nasa a ɓoye. Mai gida ba kuɗi kaɗai yake dubawa ba, yana duba wanda bai ɗaura masa sharaɗi ba. Ka zo da sharaɗin duba gini da sharaɗin samun bashi, wani ya zo hannu sake, ko ka fi shi da dubu biyar shi za a sallama wa. Wanda albashinsa ya tsaya kuma mai shawara ya tabbatar masa, ni ina ganin ya cire sharaɗin bashi.

Malam Akawu:
Alhaji a nan kam ban bi ka ba. Cire wannan sharaɗin cinikin biri a sama ne. Ga lissafin: an sa gida 400,000, ka taya 430,000 aka sallama. Mai ƙiyasi ya zo ya rubuta 415,000. Banki 415,000 zai bayar, 15,000 ɗin kai za ka cike, bayan kuɗin cinikin da muka lissafa. Idan babu, kuma ba ka da sharaɗi, tarar fasa ciniki kashi 10 ce ta farashi, wato 43,000, gidan kuma ba naka ba. Mai shawara ba shi ke ba da bashin ba, banki ne, kuma banki na iya tsayawa a kan abin da ba a zata ba, kamar rahoton da ya nuna haɗarin fandisho.

Akwai tsaka-tsaki. Mai ajiya ya sa sharaɗin a kan adadi ƙasa da farashi, misali ya ce cinikin ya dogara ga samun bashin 380,000 kawai, mai gida zai gane akwai kuɗi a hannu. A rage wa'adin daga sati shida zuwa huɗu idan takardu a shirye suke. A bar wa mai gida zaɓin ranar tashi, wannan yana da daraja wurin wanda ke jiran nasa sabon gidan. Duba gini kuma ana iya yin sa cikin kwanakin tunani.

Alhaji Na Rotterdam:
Na yarda da rage adadin. Amma sati huɗu ya yi kaɗan ga mai sana'ar kansa, bankuna suna jan ƙafa a kan lissafin shekara uku.

Ummu Hanifa:
Menene kwanakin tunani kuma?

Maman Sadiq:
Yaya, a Holan maganar baki ba ta ɗaure mai sayen gidan zama. Ko an ce an sallama, sai ɓangarorin biyu sun sa hannu a takarda. Daga washegarin ranar da aka miƙa miki kwafin da kowa ya sa wa hannu kina da kwana 3 ki fasa ba dalili ba tara, kuma dole biyu daga cikinsu su zama ranakun aiki. An ba ki Litinin, wa'adi ya ƙare tsakar daren Alhamis. An ba ki Juma'a, sai tsakar daren Talata. Shi ya sa ake kama mai duba gini tun kafin a sa hannu, ya shiga washegari.

Bayan nan sharuɗɗan da aka rubuta ne kaɗai mafita. Kuma fasawa da sharaɗin bashi ba a waya ake yi ba: a rubuce, kafin ranar da aka sa, haɗe da takardar ƙin amincewa daga banki, wata yarjejeniyar ma biyu take nema. Kwana ɗaya aka makara, sharaɗin ya mutu. Akwai kuma ajiyar kashi 10 da ake kai wa notaris, ko banki ya tsaya miki da takardar lamuni a kan ɗan kuɗi.

A lura da ƙarin sakin layi da masu gida ke cusawa. Na tsufan gini yana cewa kin san gidan tsoho ne, aibin tsufa naki ne. Na rashin zama yana zuwa idan magada ne ke sayarwa, suna cewa ba su zauna ciki ba don haka ba su san aibinsa ba. Duk inda aka ga ɗayansu, duba gini ya zama dole.

Dan Zariya:
A duba kuma ko ƙasar da gidan ke kai taka ce. A Amsterdam da Hague da Utrecht gidaje da yawa suna kan erfpacht, gini naka ƙasa ta hukuma, kana biyan kuɗin ƙasa duk shekara. Tambayoyi uku: an biya shi gaba ɗaya ne, har zuwa wace shekara, kuma yaushe za a sake ƙiyasta shi. Sabon ƙiyasi na iya ninka kuɗin. Idan kuma gidan sama ne ko na ƙasa a gini ɗaya, akwai ƙungiyar masu gida, VvE, a nemi lissafin asusunta da tsarin gyaranta na shekaru. Asusun da ba kowa a ciki yana nufin ranar gyaran rufi za a aiko maka da takardar dubbai.

Malam Na Almere:
Jama'a an yi ta lissafi ba a taɓo babbar magana ba. Wannan bashin da ruwa ne.

Malam Akawu:
Haka ne Malam, kuma hukuncinsa na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da zan iya faɗa na tsari ne. Manyan bankunan ƙasar bashi mai ruwa suke bayarwa, kuma rangwamen harajin gida an gina shi ne a kan ruwan da aka biya, ga bashin da ake biya duka cikin shekara 30. Masu guje masa sukan tara su saya kai tsaye a yankunan da gida ya fi araha, kamar Limburg, Drenthe, Zeeland ko Groningen, sai dai a arewa maso gabashin Groningen a binciki ɓarnar girgizar ƙasar da haƙar gas ta jawo. Duk wanda ya zo muku da tsarin da ya kira na halal, a duba ko yana da lasisi a rajistar AFM, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi, a kuma tambaya sunan wa zai hau Kadaster ranar ciniki. In ba naka ba ne, ka san me zai faru da kuɗinka idan kamfanin ya rushe.

Kuɗin da za a kawo daga gida kuma, ko na gado ko na filin da aka sayar ko kyautar iyaye, banki da notaris wajibi ne su tambayi asalinsa saboda dokar hana halasta kuɗin haram. Ana son takardar cinikin filin, da bayanan asusu da ke nuna tafiyar kuɗin daga can zuwa nan. Kuɗin da ya bi ta hannun ɗan canji ya faɗo asusunka daga sunan wani baƙo, ko kwasar adashe da aka zuba a tsabarsa, zai iya tsayar da ciniki ana saura sati a karɓi makulli. A shigo da shi ta banki watanni kafin a fara tayi.

Baban Ilham:
Allah ya saka da alheri. Saura ranar makulli.

Maman Sadiq:
Mai saye ne yakan zaɓi notaris a cinikin k.k., don haka a nemi farashin uku a gwada, bambancin yana da yawa. Wanda Holancinsa bai nuna ba, doka ta ce a kawo rantsattsen tafinta, kuɗinsa a kanka, a sanar da ofishin da wuri don neman na Turanci ma yana ɗaukar lokaci. Idan a gida aka ɗaura aure a kai takardar auren, notaris zai so sanin dokar da ke kan dukiyarku.

Da safen ranar ake zagayen ƙarshe a gidan tare da dillali. A riƙe jerin kayan da aka ce za a bari, a kunna tukunyar ɗumama, a buɗe kowane famfo, a leƙa rumfar baya ko an bar tarkace, a ɗauki hoton mitar wuta da gas da ruwa. Abin da aka gani ba daidai ba a faɗa kafin a sa hannu, notaris na iya riƙe wani kaso na kuɗin har a gyara. Inshorar gini ta fara aiki daga wannan ranar, banki ma sai da ita. A sanar da ƙaramar hukuma sabon adireshi cikin kwana 5 da tarewa.

Injiniya:
Ƙari ɗaya ga masu kallon Almere, Leidsche Rijn ko Ypenburg: gidaje da yawa a can ba su da gas, bututun zafi na gari ne ke ɗumama su, kuma ba a canza kamfani. A nemi mai gida ya nuna takardar kuɗin shekarar da ta wuce. Masu ƙidaya ribar faifan sola a rufi kuma su sake lissafi, tsarin da ke ba ka damar cire wutar da ka mayar daga wadda ka sha zai ƙare ranar 1 ga Janairun 2027.